Maɓallin Da Ya Maƙale Ranar Suna

Rago na ɗaure a gindin darbejiya, liman ya zauna, an raba goro da dabino har an fara neman ƙari, amma babu wanda ya san sunan yaron. Mutum ɗaya ne ya san shi a duk Tudun Wada, shi kuwa ba ya magana.

Malam Sharfaddeen ke nan, kakan jaririn. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi bara waccan, harshe ya tafi, hannun dama ya tafi, na hagun kuma rawa yake yi, ba ya iya riƙe alƙalami. Hankali dai yana nan garau. Wani tsohon ɗalibinsa ne ya kawo masa wata tsohuwar kwamfuta mai ƙaton akwati, ya haɗa masa da allon rubutu mai manyan maɓallai na haruffan Larabci, don Malam ajami yake rubutawa, bai taɓa kula boko ba. Da yatsa ɗaya yake amsa tambayar ɗalibai, da shi yake neman kunu, da shi yake yi wa mutanen gida faɗa.

Al'adar gidan kuwa tun kakanni, babban gida ne ke zaɓar sunan duk ɗan da aka haifa, kuma ba ya faɗa sai safiyar suna. To jiya da la'asar kwamfutar ta ɗauke. Fitilarta na kamawa, fanka na juyawa, amma gilashin baƙi ƙirin.

Khubaib, ɗan Malam kuma uban jaririn, babu abin da bai yi ba. Ya sauya wayar wuta, ya hura ramuka, ya ɗan mari akwatin a gefe. Ya kawo laftof ɗinsa na ofis, yatsan Malam ya sauka a kan maɓallai uku a tare, Malam ya ture shi. Daga ƙarshe Khubaib ya durƙusa ya fara jero sunaye, wai in ya zo kan wanda ake so Baba ya gyaɗa kai. Ko suna na huɗu bai kai ba Malam ya juyar da fuska bango, bai sake juyowa ba har aka kira magariba. Mutumin da alƙalai ke zuwa ɗaukar karatu a gabansa ba za a yi masa canki-canka kamar yaro ba.

Da safen nan Baffa Nagoda, ƙanen Malam, ya ja Khubaib gefe ya gaya masa gaskiya. Mutane sun baro ayyukansu, rana na ɗagawa, ba a barin liman a zaune. In abin nan bai tashi ba, shi zai raɗa sunan a madadin yayansa. Ba da mugunta ya faɗa ba. Amma Khubaib ya san abin da hakan ke nufi, kowa ma a gidan ya sani. Ranar da wani ya raɗa suna Malam na raye, ranar an tashe shi daga kan buzunsa ke nan.

Mai jego Rauda ce ta aiko daga ɗaki cewa a kira ƙanwarta Bahijja.

Bahijja na tsakar gida tana juya waina. Tun da sassafe ta iso daga Hanwa, sanye da sabon leshi, hannu da ƙafa sun sha lalle. Gyaran kwamfutoci take yi a wata babbar makaranta a nan Zariya, kuma Khubaib bai taɓa kiranta da sunanta ba sai Injiniya, shi ma don tsokana. Yau da ya tsaya a kanta babu alamar wasa a fuskarsa.

Ta saurare shi har ya gama, ta miƙa wa wata mata cokalin wainar, ta ce, "Tun jiya abu ya lalace, sai yanzu ka tuna kana da ƙanwa? Yaya Khubaib, kai da ka ce aikina goge ƙura ne."

Ya ce ya janye, ya kuma tuba, ta dai zo.

Ta wanke hannu, ta ja mayafi, ta ɗauki jakarta. Ba ta taɓa shiga ɗakin Malam ba. Ta yi sallama ta durƙusa tun daga bakin ƙofa ta gaishe shi. Littattafai ne tun daga ƙasa har rufi, ɗakin kuma ƙamshi kamar na amarya. Malam na kan kekensa na marasa lafiya gaban tebur, an sa masa farar riga da rawani, shirin suna sosai, yana kallon baƙin gilashi. Matarsa Hajiya Ishatu na zaune a bakin gado tana jan carbi da sauri.

Bahijja ba ta taɓa komai ba tukuna. Ta tambayi Hajiya me ya faru dab da ɗaukewar. Hajiya ta ce babu komai, halinta ne dai na kullum. In zafi ya yi takan sandare ana cikin rubutu, sai Malam ya danna ɗan ƙaramin maɓallin nan na ƙasa, ta mutu ta sake tashi. Jiya ma haka aka yi, ya danna, to daga nan ba ta dawo ba.

Bahijja ta dubi Khubaib. Ya ce shi ba a gaya masa wannan ba. Hajiya ta ce ai bai tambaya ba, duka ya hau yi.

Bahijja ta tsuguna gaban akwatin. Maɓallai biyu ne, babba na kunnawa, ƙarami na sake tayarwa. Ta shafa babban, ya shiga ya fito. Ta shafa ƙaramin, sai ta ji ya nutse ciki, ya zauna daram, ko motsi ba ya yi. Ta yi ɗan murmushi. Ta bayyana musu a taƙaice cewa aikin maɓallin nan shi ne ya ce wa kwamfuta ta koma farko. In ya maƙale a ciki, to tun jiya yake ta ce mata koma farko, koma farko, bai bar ta ta yi taku ɗaya ba. Lafiyarta ƙalau, riƙe ta aka yi.

Malam ya juyo da idonsa kanta. Karo na farko ke nan tun shigowarta.

Ta zaro ƙaramin sukudireba daga jaka, daga tsakanin kwalli da makulli. Ta cire wuta, ta kwance murfin gefe, ta ɓalle fuskar akwatin a hankali, don robar ta tsufa, kaɗan take jira ta karye. Ƙamshin da ya fito daga ciki har ya fi na ɗakin. Duk bayan fuskar ya yi wani irin danƙo ja-ja kamar an shafa maɗi. Ta dangwala da yatsa ta shinshina. Sannan ta duba ƙarƙashin teburin, ta ga zagayen baƙi a kan siminti, daidai gaban ramukan da akwatin ke shaƙar iska.

Cikin ladabi ta tambaya ko nan ake ajiye kasko.

Hajiya ta ce ƙwarai, safe da yamma, ranar Juma'a kuma har sau uku. Turaren wuta ne na hannunta, ita ke haɗa shi, da sukari da itacen sandal da madarar turare. Tun tana amarya take turara littattafan Malam. "Akwatin nan kuwa shi ne bakin Malam yanzu. In an turara littafi a bar bakin da ya karantar da shi?"

Khubaib ya buɗe baki zai yi magana, Bahijja ta riga shi. Ta ce gaskiyar Inna ce, sai dai littafi ba ya numfashi, wannan kuwa yana yi. Duk hayaƙin da aka ba shi ya shaƙe bai zubar ba, sukarin ya taru ya kama maɓallin. Daga yau a ajiye kaskon can wajen taga, ƙamshin zai iso shi.

Hajiya ta tsayar da carbin. Ta ce, a hankali, ashe ita ce ta rufe wa Malam baki.

Bahijja ta ce, "Inna, ni ina buɗe cikin kwamfutoci kullum. Gawar kyankyaso nake tararwa da ɓawon gyaɗa. Wannan ce ta farko da na tarar an kashe ta da gata."

Wani sauti ya fito daga maƙogwaron Malam. Sai da suka duba suka gane dariya ce.

Bahijja ba ta ɓata lokaci ba. Ta bi siririyar wayar da ta taso daga maɓallin har inda ta shiga babban faifan ciki, ta zare ta. Ta mayar da wuta, ta kunna. Fanka ta yi gurnani, aka ji ɗan ƙara ƙit, rubutu ya bayyana a gilashin. Hajiya ta yi hamdala. Khubaib ya leƙa waje ya ce wa Baffa ga shi nan an kusa.

Farin shafi ya buɗe. Malam ya ɗaga hannun hagu, yatsan na rawa, ya sauke shi a kan harafin farko. Ba suna ya fara ba. Bisimilla ya fara, harafi bayan harafi, don tun da ya san alƙalami bai taɓa rubuta ko saƙon cefane ba tare da ita ba. Da ya gama ta, ya shiga salati. Khubaib ya sunkuya ya raɗa masa cewa Baba sunan kawai ake jira. Malam ko kallonsa bai yi ba.

Ana tsakiyar salatin ne kwamfutar ta sandare.

Malam ya danna harafi, shiru. Ya sake dannawa, shiru. Sai hannunsa ya gangara ƙasa da kansa, inda ya saba, yana laluben ƙaramin maɓallin. Babu fuskar akwatin, babu maɓalli, sai rami. Yatsan ya tsaya a bakin ramin, bai janye ba.

A daidai nan Baffa Nagoda ya yi sallama ya shigo, babbar riga na jan ƙasa. Ya dubi akwati a buɗe, ya dubi gilashi, ya ce shi fa ya yi iyakar haƙurinsa. Liman na da jana'iza a Tudun Jukun, wanzami ya wasa aska har ta gaji, mahauci na tambaya. A yi haƙuri, zai je ya raɗa, Allah Ya san niyya.

Khubaib ya ce wa Bahijja ta kashe ta kunna kawai, da sauri. Ta girgiza kai. Ta sa bayan hannu kusa da fankar ciki, ta ce ya duba yadda take juyawa da ƙyar, danƙon nan ya kama ta ita ma, shi ya sa zafi ke sandarar da ita. In aka tayar da ita yanzu, Malam daga bisimilla zai sake farawa, kuma ba za ta kai shi ƙarshen salati ba. Dole ta huce, dole a wanke fankar. Kafin ta huce kuma za ta gyara maɓallin.

Baffa ya ce shi bai san wannan lissafin ba, ya juya zai fita.

Bahijja yarinya ce a gabansa, kuma ƙanwar matar ɗa, ba ta da bakin da za ta ce masa tsaya. Sai ta kunna fitilar wayarta, ta matsa a durƙushe ta miƙa masa da hannu biyu.

"Baffa, don Allah a taimaka a haska min nan. Hannun Yaya Khubaib rawa yake yi."

Baffa ya tsaya. An miƙo abu da hannu biyu, ƙin karɓa sai ya zama rashin kirki. Ya karɓa, ya sunkuya, ya haska. Hasken ya sauka a cikin akwatin, ya kuma sauka a kan yatsan yayansa da ke bakin ramin har yanzu. Baffa ya daɗe yana kallon yatsan. Sai ya gyara tsayuwa, ya tattare hannun riga a kafaɗa, ya ce wa Khubaib ya je ya ce wa liman ya ja addu'a, ya haɗa har da ta damina mai zuwa.

Bahijja ta riga ta kashe wutar. Ta aika a karɓo mata sifirit da audugar da ake goge wa jariri cibiya daga ɗakin mai jego, a kuma aro mata hantsaki wurin wanzami. Hajiya da kanta ta tashi ta je, ba ta aiki kowa ba.

Bahijja ta fara da fankar. Ta jiƙa auduga tana bin fukafukan ɗaya bayan ɗaya, farar auduga na komawa ja, tana jefarwa tana ɗaukar wata, har sai da ta kaɗa fankar da yatsa ta juya da kanta babu nauyi. Sannan ta ɗauko fuskar akwatin ta kifa a cinya, a kan sabon leshin. Da hantsaki ta matse ƙananan haƙoran da suka riƙe maɓallin, ta turo shi waje. Ɗan abu ne bai kai ƙwayar gyaɗa biyu ba, da 'yar waya murɗaɗɗiya a bayansa mai turo shi in an danna. Wayar ta manne ta zama dunƙule. Ta tsoma su a murfin kwalbar sifirit, ta sa tsinken sakace tana bin ramin da maɓallin ke zama tana kankare danƙon. Sifirit na bin yatsunta yana cin lallen da ta zauna aka zana mata jiya, ko dubawa ba ta yi ba.

Baffa na haskawa yana sharhi. Ya ce shi da ya ɗauka cikin abin nan wani gari ne guda, ashe rabinsa iska ce. Ya tambaya ko ɗan wannan abin ne ya tsayar da mutanen unguwa guda a kan tabarma. Ta ce shi ne, Baffa. Ya ce to Allah Ya raba mu da ƙaramin abu mai babban aiki.

Daga waje ana jiyo muryar liman, ya gama da iyaye da kakanni ya shiga kan matafiya da marasa lafiya. Amin ɗin mutane ta fara yin ƙasa.

Bahijja ta ciro 'yar murɗaɗɗiyar wayar da hantsaki, ta buɗe ta a hankali, ta hura har ta bushe. Garin mayarwa ta suɓuce ta yi tsalle. Khubaib da ya dawo ya dafe kai. Kowa ya bi ƙasa da ido, babu ita. Bahijja ba ta motsa daga inda take ba, ta ce kada wanda ya ɗaga ƙafa. Ta bi jikinta da kallo, ta bi tabarma, sannan ta nemi gafara ta miƙa hantsakin ta ɗauko ta daga cikin aikin wuyan rigar Baffa, inda ta maƙale a zare. Baffa ya ce ashe ma shi ne ɓarawon.

Wannan karon ta rufe da tafin hannu ta zura ta, ta tura maɓallin har haƙoran suka kama. Ta ɗiga sifirit kaɗan a kan ainihin makunnin da ke bayansa, ta danna ta saki, ta danna ta saki, har ya fara amsawa da ɗan ƙara mai tsabta. Ta mayar da siririyar wayar inda ta zare ta, ta mayar da fuskar akwatin, ta bar gefen a buɗe don iska. Ta kunna. Fanka ta tashi shiru kamar ba ita ba. Farin shafi ya dawo.

Khubaib ya tura allon rubutun gaban mahaifinsa. Bahijja ta ce a dakata. Ta matsa gefe, ta nuna ƙaramin maɓallin, ta ce, "Malam, a gwada. Mai abu shi ke karɓar aiki."

Khubaib ya ce haba Injiniya, wani jiran kuma. Baffa ne ya ce masa ya yi shiru.

Yatsan Malam ya gangara, ya sami maɓallin, ya danna. Ya shiga, ya fito. Gilashi ya yi baƙi, aka ji ƙit, rubutu ya dawo. Malam ya bar yatsan a kai kaɗan, sannan ya ɗago ya dubi Bahijja ya sunkuyar da kai sau ɗaya, irin wanda yake yi wa ɗalibi in ya kawo karatu daidai. Ta sunkuyar da nata.

Ya fara daga bisimilla. Ya gama, ya yi salati har ƙarshe, bai tsallake harafi ba. Baffa ya manta fitilar na kunne a hannunsa, yana haska gilashin da ba ya bukatar haske. Hajiya na bin kowane harafi da leɓe. Bahijja kuwa ba gilashin take kallo ba, bayan hannunta na kusa da fankar, tana jin iskar da ke fitowa da sanyinta.

Malam ya sauka sabon layi. Yatsan ya yi yawo a sama, ya sauka, ya tashi, ya sauka. Da ya gama ya janye hannun ya ɗora a cinya.

Baffa ya matso da fuska ya karanta a zuci. Ya ce shi kam sunan Mujahid ya yi niyyar raɗawa, Allah Ya rufa asiri. Ya miƙa wa Bahijja wayarta, shi ma da hannu biyu, ya gyara riga, ya ce da Khubaib ya wuce gaba, saƙon Yaya ne, shi ɗan aike ne kawai.

Suka ji addu'ar liman ta yanke, aka yi ɗan shiru, aka shafa fatiha. Sai muryar maroƙi ta tashi har bayan layi, yana sanar da cewa yaro ya ci suna Yusha'u, Allah Ya raya. Guɗa ta amsa daga tsakar gida. Hajiya ta rufe fuska da gefen mayafi.

Bahijja ta jawo murfin gefe ta fara ɗaurawa. Tana kan haka ta ji ƙarar maɓallai a saman kanta, ɗaya, can kuma ɗaya. Malam bai gama ba. Hajiya ta share ido ta leƙa gilashin, ta karanta a fili.

"A kawo mini shi."

Ta miƙe ta fita da sauri, tana kiran a naɗo yaron, Malam na kira.